Ingilishin Kaso a Ɗaurin Auren Kawu Nomau

Ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da aka taru za a ɗaura auren Kawu Nomau. Yanzu na manyanta, har nakan nemi tabarau alhali yana kan hancina, amma wannan safiya tana nan daram a kaina. Ina tuna warin albasar da ke jikin baƙon da ya zo mana. Ina tuna muryata ma, wadda a lokacin nake ganin babu mai daɗinta a duk ƙasar Madawa.

A farkon shekarun tamanin ne. Ina lise, babbar lakwal, wato makarantar boko ta sakandare, a Tawa, kuma ni kaɗai ne daga ƙauyenmu na kusa da Bangi na kai wannan matsayi, abin da na tabbatar kowa ya sani. In na zo hutu ba na fita sai da biro biyu a aljihun gaba (ɗayan ma ba ya rubutu). Faransanci bai cika burge mutanenmu ba, tunda duk wanda ya taɓa zuwa ofishin gwamnati a Madawa ya ji ana yin sa. Ingilishi ne abin taƙamata.

Malaminmu na Ingilishi wani dogon ɗan Gana ne da muke ce wa Ticha. Ana gab da hutun bazara na wannan shekara ya kawo mana darasi a kan zaman kaso. Me ya sa ya zaɓi wannan, Allah ne masani. Wataƙila ya gaji da ganinmu muna gyangyaɗi duk lokacin da ake maganar kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Ai kuwa muka wartsake. Ya cika allo da kalmomi (zan rubuta su yadda bakinmu ke fitar da su a lokacin, masana su yi haƙuri). "Sel", ɗakin da ake kulle mutum. "Inmet", ɗan kaso. "Selmet", ɗan kason da kuke kwana ɗaki ɗaya. "Woda", gardin da ke tsaron su. "Had leba", aikin wahala da alƙali yake haɗa wa mutum da ɗauri. "Sitab", a soki mutum da wuƙa ko wani abu mai tsini. Ya daɗe kuma yana bambanta mana "mada" da "mansilota": na farko kisan ganganci, na biyu kisan da ba a yi niyya ba.

Muka mayar da su abin wasa. Ɗakin kwananmu ya zama sel, mai lura da mu ya zama woda, sharar fili ta zama had leba. In wani ya taɓa maka burodi sai ka ɗaga masa cokali ka ce za ka sitab ɗinsa, a bushe da dariya. A wurinmu kalmomi ne kawai, kamar sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da muke haddacewa ba mu taɓa ganin su ba. Da su cike da baki na hau mota na taho gida hutu, na tarar ana shirin auren Kawu Nomau.

Kawu Nomau ƙanen Inna ne, mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi Kurmi ci-rani tun ina ƙaramin aji, aka yi shekaru babu shi babu labarinsa, har Inna ta fara yi masa sadakar fura kowace Juma'a. Kwatsam sai ga shi ya dawo, a rame, da dogon tabo daga ƙasan kunne zuwa kafaɗa. Ya ce gadi ya yi a Ikko. Tabon kuwa, ya ce ƙarfe ne ya yanke shi a wurin aiki. Sauran 'yan ci-rani sukan dawo da rediyo da labarai, shi bai zo da ko ɗaya ba. Ba ya rufe ƙofar ɗakinsa ko da ana iska. In zai ci tuwo yakan kare kwanon da hannun hagu ya ci da sauri, kansa a sunkuye. Na lura da wannan sarai, kuma kun san abin da na yi? Kwaikwayonsa na fara, na ɗauka haka mutanen birni suke cin abinci.

Mutum ne mai shiru, mai hannu a aiki. Shi ya tayar wa Inna rumbunta da ya zube, shi ya yashe tsohuwar rijiyar kakanmu a fadama ya dasa albasa. Yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malaman makaranta a wajenmu, rabi wasa rabi girmamawa, kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da kima. Na sha matsa masa mu yi Ingilishi, tunda ya zauna Ikko. Kullum amsarsa ɗaya ce.

"Ingilishina ba na lakwal ba ne, Mushe. Bar shi inda yake."

Matar da zai aura Zainabu ce, bazawara, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu. Tana sayar da mai da ƙuli-ƙuli ranar kasuwar Bangi, kuma a can suka daidaita, manya biyu da kowannensu ya ga duniya. Tun da maganar ta kankama Kawu ya fara dariya har haƙoransa su fito, abin da ban taɓa gani ba tun dawowarsa. Mahaifinta, Baba Illa, tsoho ne mai kaifin harshe, wanda bai yarda da 'yan ci-rani ba, bai kuma yarda da 'yan lakwal ba. Ana gobe ɗaurin aure na raka wani baffana kai goro gidansa. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, idonsa ya tsaya a kan birona biyu.

"Kai ne ɗan lakwal ɗin? An ce harshe ukku kaka ji. To, da wanne daga ciki aka noma gero?"

Duk majalisar ta kwashe da dariya. Na yi murmushin dole na dawo gida ina tafasa. Na yi ta tsara amsoshi a raina, masu zafi, waɗanda ba su zo mini ba a lokacin da nake buƙatar su.

Da hantsi washegari aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidan Baba Illa. Ga goro da dabino a faifai, ga liman ya zo, ana jiran wasu dattawa biyu daga ƙauyen gaba. Kawu yana zaune a gefe cikin farar riga wadda Inna ta sa aka ɗinko masa a Madawa. A cikin gida mata sun ɗora tukwane. Sai ga amalanken jaki ya tsaya, wani gajeren mutum ƙaƙƙarfa ya diro, da wando da ƙaramar riga, da ƙunshin atamfa a hammata. Kallo ɗaya za ka san mutumin Kurmi ne. Daga baya muka ji sunansa Sande, ya biyo kamiyo, babbar motar albasa, ne zuwa Madawa, ya yi ta tambayar masu kawo kaya ko sun san wani Nomau na wajen Bangi, har aka ce masa ai yau ma ake aurensa.

Yana hango Kawu ya yar da ƙunshin ya kwarara ihu, ya rugo ya rungume shi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kawu ya riƙe shi shi ma, amma fuskarsa ta yi wani iri. Ni na ɗauka murna ce ta yi masa yawa.

Aka ba baƙo wuri da ruwa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ya zauna gwiwa da gwiwa da Kawu yana ta zuba da Buroka, Ingilishin kasuwa na Kurmi, yana dukan cinyarsa, yana share ido. Mutane suka zuba musu ido. Baba Illa ya gyara zama.

"Nomau, mi baƙonka shika cewa?"

"Gaisuwa ce, Baba," in ji Kawu. "Abokin zamana ne na Ikko, shina tuna mani da can."

Ni kuwa ina bayansu na kasa kunne tun farko. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba a ranar ita ce, yawancin maganar wuce ni take yi. Buroka daban take da Ingilishin Ticha, ga mutumin da sauri kamar ana korar sa. Ina cikin fargabar kada wani ya juyo ya ce ɗan lakwal ya fassara, sai na ji "sel" ta faɗo cikin kunnena. Can sai "woda". Sai "had leba". Har "mansilota" na ji ta gifta. Wayyo daɗi! Kamar ka sauka a tashar wani gari da ba ka san kowa ba, sai ka hango 'yan ƙauyenku a zaune.

Nan take na haɗa lissafina. Kawu ya ce gadi ya yi. Woda ai mai gadi ne. Ashe Kawu ma'aikacin gwamnati ne a Ikko, gardin gidan kaso, da kaki da hula, amma tsabar kawaici ta hana shi faɗa! Ga dama ta samu in ɗaga darajar kawuna a gaban surukinsa, in kuma nuna wa tsohon nan abin da ake nomawa da harshe na uku. (Ina so in ce darajar Kawu ce ta fi damuna. Ba ita ba ce.)

Na miƙe tsaye.

"Baba, ba gaisuwa kaɗai ba ce. Ni ina jin abin da shika cewa."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Mushe, zamna."

"A'a, bar shi," in ji Baba Illa. "Yau mu ga amfanin lakwal."

"Mushe," Kawu ya sake cewa, a hankali. Wannan "Mushe" ta biyu, in da ina da kunnen jin mutane, da ta ishe ni. Amma ni na riga na juya wurin baƙo, na gyara murya, na roƙe shi da Ingilishin allo ya maimaita a hankali domin dattawa su amfana. Fuskar Sande ta washe don ya samu mai jin sa. Kawu ya yi masa wata gajeriyar magana ƙasa-ƙasa, amma sai Sande ya dafa hannunsa ya ce, a bari mutanenka su san irin namijin da suke da shi. Shi bawan Allah ya ɗauka kowa a wurin ya san inda suka zauna. Yabo ya zo yi.

Ya fara, ina bin sa jimla-jimla, hannuna ɗaya a bayana kamar yadda Ticha yake tsayawa.

"Yac ce a gidan kaso sunka san juna."

Aka fara gunaguni. Na ɗaga hannu na tsayar da su (ni, ɗan shekara goma sha tara, na tsayar da dattawa da hannu). "Ku dakata, ai Kawu gadi yay yi can. Ku bari ku ji."

Sande ya ci gaba. Ya ce a ɗakin da aka kulle shi akwai wani ƙato wanda ya daɗe a ciki, shi ne sarkin ɗakin. Duk sabon shiga sai ya ƙwace masa abinci da wurin kwanciya, wanda ya yi gardama a taru a lakaɗa masa duka, gardawa kuwa ko leƙowa ba sa yi. Shi Sande wata rana yunwa ta ishe shi ya hana nasa rabon. Sai ƙaton ya samu cokali ya yi ta wasa ƙotarsa a siminti har ta yi tsini. Na fassara wannan duka, har da ƙari. Da na zo kan "sitab" sai da na tsaya na bayyana ma'anarta, na kuma nuna da hannu yadda ake yi, don kada wani ya tafi gida bai fahimta ba.

"Yac ce mutumin ya taho zai soke shi ga wuya, sai Kawu ya shiga tsakani. Cokalin ya samu Kawu."

Duk idanun wurin suka koma kan tabon da ke leƙowa daga wuyan farar riga. Kawu bai rufe shi ba. Ƙasa yake kallo.

"Yac ce ba don selmet ɗinsa ba, da tuni an manta da shi."

"Mi ne ne sel-met?" in ji Baba Illa.

Tambayar da nake jira ke nan. "Selmet, Baba, shi ne wanda kuka kwana ɗaki guda da shi cikin kaso."

Tsohon ya murza gemu. "To, can Ikko gardi da ɗan kaso ɗaki guda suka kwana?"

"A'a, Baba," na ce, har da 'yar dariyar mai ilimi. "Gardi shi ne woda. Woda waje yake. Wanda ke ciki shi ne inmet. Selmet kuwa inmet ne da ke tare da wani in..."

A nan hankalina ya iso inda bakina ya riga ya kai. Na tsaya da baki a buɗe. Daga cikin gida ana jiyo lugude da dariyar mata, waɗanda ba su san komai ba tukuna.

Baba Illa bai ƙara kallona ba. "Nomau. Kaso kay yi?"

"Na yi, Baba."

Wani daga baya ya ce, "Sata ce." Wani ya amsa, "Sata mana, mi ke kai ɗan ci-rani kaso?" Kalmar ta fara yawo a kan tabarmi. Ku da kuka san ƙauye kun san babu tambarin da ya kai wannan muni, yana bin mutum har jikokinsa. Na ce a raina, na ɓata, bari in gyara. Kuma da me zan gyara in ba da abin da na iya ba?

"Ba sata ba ce!" na ɗaga murya. "Wallahi ba sata ba ce! Na ji baƙon ya hwaɗi da bakinsa, mansilota ce. Ba ma mada ba ce. Mada ita ce kisan ganganci, mansilota kuwa kisan kuskure ne, wanda ba a yi niyya..."

"Kisa?" in ji liman. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kafin in buɗe baki babu wanda ya kawo maganar kisa a wurin. Ko Sande bai faɗe ta a gaban jama'a ba, tsakaninsa da abokinsa ya ambace ta. Ni na tsinto ta, na wanke, na kawo wa dattawa da cikakken bayani.

Baba Illa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi.

"Nomau, watanni kana zamnawa bisa tabarmata, muna cin tuwo kwano guda. Ba ka ga ya kamata in ji ga bakinka ba? Sai ga bakin baƙo da yaro, gaban duniya?" Ya juya wurin liman. "Malam, a maida masu goronsu."

Ya shige gida. Ba a jima ba luguden ya tsaya.

Mutane suka watse biyu-biyu, uku-uku, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Sande ya kama hannuna yana tambayata me ya faru, me ya sa ake tashi. Ni da na san sunan kowane lungu na gidan kaso, na rasa Ingilishin da zan gaya masa. Kawu ne ya yi masa bayani a taƙaice. Mutumin ya ɗora hannu biyu a ka ya durƙushe a wurin. Kawu ya ɗaga shi, ya kai shi gida aka ba shi abinci, da la'asar ya raka shi har bakin hanyar Madawa. Bai ɗora masa laifin komai ba. Ni kuwa ko kallona bai yi ba.

Na shiga gida ina jiran Inna ta rufe ni da faɗa, har ina fatan ta yi. Tana zaune tana kwance ɗankwalin da ta saya don bikin. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka gama?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Daga baya na gane ta san komai tun ranar da ƙanenta ya dawo. Ashe ma Zainabu ta sani. Ita da kanta ta tare ni a hanyar rijiya bayan kwana biyu, da tulu a ka, ta tsaya a gabana ba ta ko sauke shi ba.

"Ɗan lakwal, tun kahin ya ce yana so na ya hwaɗa mani komi. Ni na ce kada ya gaya ma Baba sai an ɗaura. Na san ubana, in abu ya wuce yakan haƙura, in an kunyata shi gaban mutane ba ya komawa baya. Mun tsara abinmu. Kai wa ya aike ka?"

Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Ta kewaye ni ta wuce. Ba ta sake yi mini magana ba, har bayan da ta auri wani mutumin Galma ta bar garin.

Sai da hutu ya kusa ƙarewa na iya zuwa fadama wurin Kawu. Na same shi yana jan ruwa yana ba albasa. Na karɓi guga, shi ma bai hana ni ba. Muna cikin aiki ya ba ni labarin, yana kallon ruwan da ke bin kwari. Dako yake yi a wata kasuwa a Ikko. Rigima ta haɗa shi da wani ɗan dako a kan wanda zai ɗauki kaya, mutumin ya shaƙe masa wuya, shi kuma ya hankaɗa shi. Mutumin ya faɗa da ƙeya a kan bakin wani ƙarfe, bai sake tashi ba. Kawu ya daɗe a kulle kafin a kai shi gaban alƙali, sannan aka yanke masa ɗauri da aikin wahala.

"Yana da mata da ɗiya, na gan su kotu," in ji shi. "Ko wace salla ina sa shi cikin addu'a." Sannan ya ce, "Ba ƙarya kay yi ba, Mushe. Duk abin da ka hwaɗi haka yake."

Na so ya zage ni. Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Na koma Tawa ina zaton abin zai lafa. Bai lafa ba, kuma abin da ya hana shi lafawa nawa ne. Yaran gari sun ji kalmar nan a bakina, ta yi musu daɗin faɗa. In Kawu ya wuce sai su bi shi daga nesa suna rera "Mansilota, Mansilota", ba su ma san me take nufi ba. Manya suna kwaɓar su, amma su ma a bayan ido da sunan suke kiran sa. Masu zuwa fira fadamarsa suka ragu. Ya kwashe albasarsa, ya cika wa Inna rumbu da abin da ya samu, kafin ruwan farko ya sauka ya bar garin. Da na dawo babban hutu na tarar da ɗakinsa a buɗe, babu kowa.

Inna ba ta taɓa ce mini ni na kore shi ba. Amma duk ranar kasuwar Bangi takan tambayi masu dawowa ko sun ga wanda ya gan shi. Ta rasu a shekarar farin nan da ya biyo baya, ba su sake haɗuwa ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, na zama mushen gaske, ina koyar da Ingilishi a Buza. Wani direba ɗan garinmu ya ce mini ya ga Kawu a wajen Keita, cikin masu aikin gyaran ƙasa da ake yi a kan tsaunuka. Na yi makonni ina juya abin kafin in hau mota. Na same shi da rana tsaka a gefen wani tudu, shi da ayarin mata suna jera duwatsu don tare ruwan sama, ana haƙa ramukan dashen itatuwa. Ya yi furfura, amma ya yi ƙiba kaɗan. Ya gane ni tun daga nesa.

"Mushe! An ce yanzu sunan ya tabbata."

Muka zauna a inuwar wata ƙaya. Na faɗi abin da na zo faɗa, da Hausa, ba tare da ado ba. Ya saurare ni har na gama.

"Na yahe maka tun ina fadama," ya ce. "Ƙuruciya ce. Ni ma da laihina, da na tahi wurin tsohon da kaina tun farko. Abu guda ne ya tsaya mani a rai. Sai da yayata ta yi wata uku cikin ƙasa na ji."

Ya miƙe ya koma kan aikinsa.

Da aka tashi aiki ya kai ni gidansa. Ya yi aure a can, wata mata daga Buzayen yankin, har suna da 'yar ƙaramar yarinya mai sunan Inna. Ya ce kafin ya kai goro sai da ya zaunar da mahaifin matar ya gaya masa komai da bakinsa, tsohon ya yi kwanaki yana tunani, sannan ya ba shi. Matar ta kawo mana fura. Kawu ya nuna ni ya yi mata wata doguwar magana da Buzanci, wanda ya koya a wurin aiki. Ta dube ni, ta kama baki, ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta koma ɗaki tana yi.

"Kawu, mi kac ce mata?"

"Sha furarka, Mushe," in ji shi. "Gaisuwa ce."

Na sha furata. Ban sake tambaya ba.

Na yi shekaru masu yawa a aji bayan wannan, na koya wa yara dubban kalmomi, wasu ma sun fi ni iyawa yanzu. Abin da ban samu a cikin wani darasi ba, sai da na rushe aure ɗaya na raba 'yan'uwa biyu kafin in koye shi, shi ne cewa ba duk abin da kunne ya gane ne aka ɗora wa baki ya sanar ba. In mutum ya fassara maganar baƙonsa a taƙaice, yana da dalili, kuma dalilin ba jahilci ba ne. Shi ya sa har gobe, in ana taron aure ko suna aka yi baƙo daga Kurmi, aka waiwayo aka ce, "Ga Mushe nan, ai yana jin Ingilishi," nakan dafa kunne in ce tsufa ya fara taɓa mini ji.